Lamba 70 da Tafintan da Ke Tsakanin Kwamfutoci

Ɗan kasuwar Gummi da ya saba ciniki da mutanen Ƙonni ko na Maraɗi ya san cewa "ɗari" ba ta da ma'ana ɗaya a bakin kowa. Bazamfare in ya ce ɗari, naira ɗari yake nufi. Mutumin Nijar in ya ce ɗari, dala ɗari ke ransa, kowace dala kuwa sefa biyar ce, wato sefa 500 ke nan. Dillalin da ya shiga tsakaninsu ya maimaita lambar yadda ya ji ta, ba za a ce ya yi ƙarya ba, amma ya haɗa rigimar da sai an kira dattawan kasuwa. Aikin dillali na gari shi ne ya isar da abin da ake nufi, cikin lissafin wanda ake gaya wa.

Irin wannan dillancin ake yi tsakanin kwamfutoci sau dubbai a kowace rana, ba tare da mai amfani da su ya sani ba. Wurin da ke da kwamfuta ɗaya babu ruwansa da wannan magana. Amma da zarar shagon buga takardu a Anka, ko makarantar sakandare a Bukkuyum, ko ɗakin ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibiti ya tara kwamfutoci huɗu ko biyar, sai a gaji da yawo da filash daga tebur zuwa tebur, a ware na'ura ɗaya ta zama rumbu. Ita ake kira sabar. Sauran kwamfutocin su riƙa aika mata buƙata ta waya ko ta iska: buɗe mini wannan fayil, rubuta wannan, goge wancan. Manyan harsunan da ake wannan magana da su biyu ne, NFS na dangin Unix da Linux, da SMB na Windows. Muddin komai na tafiya daidai, amsar sabar ɗaya ce: an yi. Ranar da abu ya ƙi ne ake gane ingancin sabar, domin ranar ce za ta faɗi dalili, kuma da lamba take faɗinsa.

Asalin lambobin nan daga babbar manhaja suke, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta. A tsarin Unix, idan wani aiki ya gaza, babbar manhaja tana ajiye ƙaramar lamba a wani gurbi mai suna errno. Lamba 2, mai suna ENOENT, tana nufin babu fayil mai wannan suna. Lamba 13, EACCES, an hana izini. Lamba 28, ENOSPC, faifai ya cika. Lamba 30, EROFS, wannan ma'ajiya ta karantawa ce kawai, ba a rubutu a cikinta. Lamba 5, EIO, ita ce ta gazawar karatu ko rubutu a kan na'urar ajiya kanta. Lambobin farko, daga 1 zuwa 34, gado ne daga tsohuwar Unix ta shekarun 1970, shi ya sa kusan duk zuriyarta suka yi tarayya a kansu. Daga nan kowane gida ya ci gaba da ƙirga nasa. Da aka zo kafa ƙa'idar POSIX a 1988 domin haɗa kan dangin, sunayen kurakurai aka daidaita, aka bar wa kowa lambarsa. Tushen matsalar ke nan gaba ɗaya: suna ɗaya, lamba daban.

Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya ƙirƙiro NFS a 1984, kuma Russel Sandberg da abokan aikinsa suka gabatar da bayaninsa a taron USENIX na 1985. Babbar manhajar Sun ta lokacin ta samo asali ne daga BSD, reshen Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da suka zo tsara amsoshin da sabar za ta riƙa bayarwa, sai suka ɗebi lambobin gidansu suka zuba. Takardar RFC 1094 ta watan Maris 1989, wadda ta bayyana zubi na biyu na NFS, ta lissafa kurakurai 17, kuma huɗu daga ciki suna ɗauke da tambarin Berkeley ƙarara: 63 sunan fayil ya yi tsawo, 66 folda ba ta zama fanko ba, 69 mutum ya cinye kason ajiyarsa, 70 shaidar fayil ta lalace. Tun daga ranar waɗannan lambobi suka daskare a cikin yarjejeniyar. Har zubi na huɗu da ake amfani da shi yau, 70 tana nan a 70.

Sai ga Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, ta zo da nata ƙirgen. A kwamfutocin da muke saya a kasuwa, Linux tana kiran tsawon suna 36, folda mai kaya 39, cinye kaso 122, lalacewar shaida 116. Lambobin Berkeley kuwa suna da wasu ma'anoni dabam a wurinta: 70 a Linux matsalar aika saƙo ce, 66 tana nufin abin da ake nema yana wata na'ura, 69 kuma ragowar wani tsohon tsari ne da kusan babu mai amfani da shi. Akwai ma inda lambobi biyu suka yi musanyar kujera. A Linux 11 tana nufin a sake gwadawa, 35 kuma tana nufin ayyuka biyu sun sarƙe, kowanne na jiran ɗaya. A FreeBSD da macOS akasin haka ne daidai, 35 a sake gwadawa, 11 sarƙewa. Ko cikin gidan Linux ɗin ma ba a tsira ba, domin wadda aka gina wa na'urorin SPARC tana kiran lalacewar shaida 70, ta MIPS kuma 151. Saboda haka sabar da ta ɗauki errno ɗanye ta jefa kan waya ta yi aikin dillalin nan mai maimaita "ɗari". Abin da ya sa kuskuren ke da wuyar kamawa shi ne, a gwaji na yau da kullum ba ya fitowa. Fayil ya ɓace, 2 ce a ko'ina. An hana izini, 13 ce a ko'ina. Sai ranar da wani ya cinye kasonsa, ko ya yi yunƙurin goge folda mai kaya, sannan tafinta zai yi ɓaranɓarama, kuma wataƙila an shekara ana amfani da sabar kafin ranar ta zo.

Maganin wannan ɓangaren mai sauƙi ne: jadawali. A zuciyar Linux akwai wani ɗan aiki mai suna nfserrno, wanda ba ya yin komai sai bin jadawali layi-layi, yana cewa wannan errno ga takwararta a harshen NFS. Kwamfutar da ta yi tambaya ita ma tana da nata jadawalin na mayar da amsar zuwa lambobin gidanta. Sabar NFS-Ganesha, wadda aka fara ginawa a hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, fassara biyu take yi: daga errno zuwa wasu lambobi nata na cikin gida, daga nan zuwa na NFS zubi na uku ko na huɗu, saboda tana zama a kan ma'ajiyoyi iri-iri. Da a ce matsalar ta tsaya ga sauya lamba da lamba, da ba ta cancanci dogon sharhi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne harsunan ba su kai juna yawan kalmomi ba. Linux tana da lambobin kuskure fiye da 130. Zubi na uku na NFS, wanda RFC 1813 ta bayyana a watan Yuni 1995, yana da 28 kacal. Bugu da ƙari, ba kowace amsa ce ta halatta ga kowace tambaya ba. Takardar ta ƙayyade wa kowane aiki jerin amsoshin da sabar za ta iya bayarwa. To idan faifai ya kawo ƙarar da babu kalmarta a harshen NFS fa? Masu tsara zubi na uku sun hango wannan, suka ware lamba 10006, wadda ma'anarta ita ce wani abu ya faru a sabar da ba shi da suna a wannan yarjejeniya. Sabar Linux kuwa, idan ta ci karo da errno da babu a jadawalinta, lamba 5 take turawa, sannan ta rubuta gargaɗi sau ɗaya a kundin rahotonta cewa ta ga baƙuwar lamba. Kurakurai da dama ma da gangan aka tura su zuwa 5, har da wanda ke nuna tsarin ajiyar faifan ya gurɓace. Sakamakon haka lamba 5 ta zama kamar majinyacin da ya je wurin likita ya ce "jikina ne ba daɗi". Gaskiya ya faɗa, amma likita bai samu abin kamawa ba. Ina ganin wannan asarar ba makawa ce a kan waya, tunda ba za a ƙirƙiri kalmar da mai sauraro bai sani ba. Abin da ba a yafe wa mai gina sabar shi ne ya bar lambar asali ta ɓace gaba ɗaya. Ya tura 5 idan ya zama dole, amma ya rubuta ainihin abin da faifai ya faɗa a kundinsa, domin mai gyara ya samu inda zai fara.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, lambar kuskure a wannan fage umarni ce. Kwamfutar da ta karɓe ta za ta yi wani abu a kanta: ko ta haƙura ta gaya wa mai ita, ko ta jira, ko ta sake nema daga tushe. Misali mafi kyau shi ne lamba 10008. A zubi na uku sunanta JUKEBOX, daga sunan akwatunan da ke ɗauke da fayafai masu yawa, inda wani hannun ƙarfe ke zaƙulo wanda ake so ya saka a na'ura. Idan fayil ɗin da aka nema yana can cikin irin wannan akwati, sabar ba za ta ce babu ba, ba kuma za ta ce ga shi ba; sai ta ce na ji, ana ɗaukowa, dawo an jima. Kwamfutar Linux da ta ji wannan amsa a zubi na uku takan dakata daƙiƙa biyar ta sake tambaya, mai aiki a kanta bai ga komai ba sai ɗan jinkiri. Akwatunan sun zama tarihi, lambar ta rayu, a zubi na huɗu aka sake mata suna DELAY. Yanzu dubi abin da sabar Linux ke yi idan ƙwaƙwalwarta ta cushe na ɗan lokaci. Babbar manhaja ta ce ENOMEM, babu wurin aiki. Fassarar kalma da kalma ba ta da amfani, domin kwamfutar da ke ɗaya ɗakin ba ta da abin da za ta yi da labarin ƙwaƙwalwar wata. Jadawalin sai ya mayar da ita 10008: dawo an jima. Haka yake yi wa EAGAIN da ETIMEDOUT, wato "a sake gwadawa" da "lokacin jira ya ƙare". Da an mayar da su 5, da ma'aikacin da ke tsakiyar adana aikin yini ya ga saƙon gazawa a kan matsalar da za ta wuce kafin ya ɗaga kofin shayi. Akasin haka ma haɗari ne: a fassara matsala ta dindindin da "dawo an jima", kwamfuta ta yi ta komawa har abada, aiki ya tsaya cik babu wanda ya san dalili.

A ƙasarmu, inda ɗauke wuta da sauyawa zuwa janareta ko sola ke cikin tsarin yini, akwai wata lambar jira da ta shafe mu kai tsaye. Zubi na huɗu, wanda aka fara fitarwa a 2000 aka gyara a 2003 da 2015, yana riƙe da lissafin wa ya buɗe wane fayil, wa ya kulle wane. Idan sabar ta mutu ta tashi, takan ware wani ɗan lokaci, daƙiƙa 90 a tsarin Linux na asali, domin waɗanda ke riƙe da makullai kafin faɗuwar su zo su karɓi abinsu. Duk wanda ya zo da sabuwar buƙatar buɗewa ko kullewa a wannan tsakani, amsarsa 10013, wato GRACE: dakata, masu tsohon haƙƙi ake sallama. Ma'aikacin da bai san wannan ba, da ya ga wuta ta dawo amma fayil bai buɗe nan take ba, sai ya kashe sabar ya sake kunnawa, ya mayar da ƙirgen farko. Minti biyu na haƙuri sun fi masa.

Mu koma kan 70. Idan kwamfuta ta nemi fayil da sunansa, sabar tana ba ta wata shaida, kamar katin da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa. Daga nan ba a ƙara ambaton suna, kati ake nunawa. A cikinsa akwai alamar ma'ajiyar, da lambar fayil a kan faifai, da wata lamba da ke bambanta fayil na yanzu da wanda ya taɓa zama a gurbinsa. Idan wani daga wata kwamfutar ya goge fayil ɗin, ko aka sauya faifai aka dawo da kaya daga ajiyar ko-ta-kwana, katin da ke hannunka ya zama na babur da ba ya wurin. A cikin sabar, abin da babbar manhaja za ta iya cewa shi ne ba ta samu abin ba, kuma mai gaggawa zai fassara shi da 2. Amma 2 amsa ce ga mai tambaya da suna. Mai tambaya da kati, 70 ce amsarsa, domin ita ce ke gaya masa ya jefar da katin ya koma ya nemi fayil da sunansa, wataƙila akwai sabo a wurin. Linux ta zamani takan yi wannan komawar da kanta sau ɗaya kafin ta dami mai aiki. Kuskure ɗaya a cikin sabar, fassara biyu, kuma tambayar da aka yi ce ke zaɓar wadda ta dace. Jadawali shi kaɗai ba ya iya wannan. Sai mai rubuta manhajar ya san inda yake tsaye.

Akwai kuma lokacin da sabar ke faɗin gaskiya ta zama ƙarya. Kwamfuta ta ce a goge fayil, sabar ta goge ta aiko da amsa, amsar ta ɓace a hanya. Kwamfuta ta ji shiru ta sake aikawa. A karo na biyu babu fayil ɗin, sai sabar ta ce 2, mai aiki ya ga saƙon gazawa a kan aikin da ya yi nasara. Chet Juszczak ya bayyana maganin wannan a 1989: sabar ta riƙa ajiye amsoshinta na baya-bayan nan, idan ta gane tambaya maimaici ce, ta sake miƙa tsohuwar amsar ba tare da ta sake aikin ba. Zubi na 4.1 da ya fito a 2010 ya shigar da wannan cikin ƙashin yarjejeniyar. Duk inda sadarwa ke yankewa tana dawowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mutanen Zamfara sun san yankewar sadarwa fiye da yadda littafi zai koya musu. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a yaƙin da ake yi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko, abin ya zarce haka, kuma Gusau ta riga sauran ƙananan hukumomi samun sabis. A irin wannan hali, sabar da ke cikin gini ɗaya da kwamfutocinta ba ta san an yi ba, tunda wayarta ta cikin gida ce. Wadda ke Gusau ko Abuja, ana isa gare ta ta layin kamfanin waya, ta zama kamar babu ita. A nan babu wata lamba da sabar za ta turo, shiru ne kawai, kuma shirun ma sai an fassara shi. NFS ta ba mai haɗa na'urori zaɓi biyu. A haɗi mai tauri, wanda shi ne na asali, kwamfuta za ta yi ta jira tana sake aikawa, ko da mako nawa ne, manhajar da ke aikin ta sandare. A haɗi mai laushi, bayan 'yan gwaje-gwaje sai ta yanke ƙauna ta ƙirƙiro lamba 5 ta miƙa wa manhaja. Mutane da yawa na zaɓar mai laushi don sun tsani ganin allo ya tsaya. Amma littafin jagorar NFS na Linux da kansa ya yi kashedi cewa wannan zaɓi na iya gurɓata bayanai a ɓoye, domin kwamfuta ba ta san ko rubutun ya isa ko bai isa ba, kuma ba kowace manhaja ke duba amsar ba. Ga fayilolin da ake karantawa kawai, mai laushi ba laifi. Ga rajistar da ake rubutu a ciki, ni ina tare da mai tauri: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ke zuwa a makare. Don sauri, kwamfuta ba ta aika kowane rubutu nan take. Takan tara shi a ƙwaƙwalwarta ta ce wa manhaja an yi, sai daga baya ta tura. Idan faifan sabar ya cika, 28 ko 69 za ta dawo bayan manhaja ta wuce wurin, sai a lokacin rufe fayil ko lokacin da ta nemi a tabbatar an sauke komai kan faifai. Jagorar Linux ta taɓa kiran rashin duba amsar rufe fayil kuskure mai yawan faruwa kuma mai tsanani, ta kuma ambaci NFS da kason ajiya da suna. Kada a ɗauka ƙananan masu koyo kaɗai wannan ke kamawa. A 2018 masu gina PostgreSQL, ɗaya daga cikin manyan manhajojin rumbun bayanai na duniya, suka gano cewa shekara da shekaru suna fahimtar wata amsa a karkace: idan tabbatarwa ta gaza a Linux suka sake gwadawa, karo na biyu na iya cewa an yi, alhali bayanan ba su sauka ba. Gyaran da suka fitar a farkon 2019 shi ne, da zarar an ga wannan gazawa, manhajar ta tsaya gaba ɗaya ta sake gina aikinta daga kundin da take ajiyewa.

Yawancin ofisoshinmu dai Windows suke amfani da ita, saboda haka tafintan da ya fi kusa da mu shi ne Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Kanbera ta Ostareliya ya fitar a 1992. Ita ke sa na'urar Linux ta yi magana da harshen Windows, kuma ita ce a cikin akasarin ƙananan akwatunan ajiya da ake sayarwa, irin na Synology da QNAP. A nan tazarar ta fi faɗi, don ba dangi ɗaya ba ne. Lamba 5 a Windows tana nufin an hana izini, a Unix gazawar faifai. Lamba 32 a Windows tana nufin wani na riƙe da fayil ɗin, a Unix bututun saƙo ya yanke. A kan waya kuma wasu dogayen lambobi ake turawa, irin 0xC0000022 ta hana izini. Wani wuri Unix ce mai kalma biyu Windows mai ɗaya: 1 da 13, rashin matsayi da rashin izini, duk Samba na mayar da su hana izini. Wani wuri Windows ce mai biyu: tana bambanta "babu fayil ɗin" da "babu hanyar da ke kaiwa gare shi", Unix kuwa 2 take cewa a duka. Dole Samba ta bi hanyar da kanta ta gano a wane mataki aka rasa, sannan ta zaɓi kalma.

Shawara biyu da ke cikin jadawalin Samba sun cancanci a auna su. Idan mutum ya cinye kasonsa, Windows tana da lamba ta musamman don haka, amma Samba "faifai ya cika" take turawa, kuma masu ginin sun rubuta dalili a gefen layin: manhajojin Windows wannan suke ganewa. Faifan bai cika ba, amma manhajar za ta yi abin da ya dace, ta gaya wa mai ita ya rage kaya ko ya adana a wani wuri. Wannan fassara ce ta gwani, ina goyon bayanta. Ta biyun ita ce, a jadawalin da sabar fayil ta Samba ta daɗe tana amfani da shi, errno da ba a sani ba tana komawa "an hana izini". Ta fuskar tsaro ana iya kare wannan, tunda ƙin buɗe ƙofa ya fi buɗe ta bisa kuskure. Ta fuskar zaman ofis kuwa tana da tsada. Akawu ya ga an hana shi fayil ɗin da ya buɗe jiya, zuciyarsa ta tafi kan yaron da ke kula da kwamfutoci, ko kan abokin aikin da suka yi saɓani. A yi ta sauya kalmar sirri da izini, a yi ta zargi, alhali abin da ke ciwo yana wani wuri dabam.

Wasu sun nemi kauce wa lambobi ɗungurungum. Tsarin Plan 9 na ɗakin binciken Bell, gidan da aka haifi Unix, ya sa sabar ta riƙa turo kuskure da jimla a rubuce. Mutum ya ji daɗin karantawa, amma da Linux ta zo magana da wannan harshe, sai da ta tanadi jadawalin mayar da jimloli zuwa lambobi, kuma harafi ɗaya ya sauya an rasa fassara. Daga baya aka fitar da zubin 9P2000.L, wanda ya ce kawai a turo lambar Linux. Da manhajar QEMU ta fara ba da wannan hidima daga kwamfutocin Apple a 2022, sai ga tsohuwar rigima ta dawo da lambobinta na da, 63 da 66, aka sake zama aka rubuta jadawali.

Me ya sa mutumin Anka ko Bukkuyum zai damu da duk wannan? Saboda ya san darajar rajista. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinariya, irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu, dubbai, sun shekara da shekaru ana auna dalmar da ke jininsu, ana ba su magani, ana sake aunawa, a aikin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta jagoranta tare da hukumomin lafiya. Irin wannan jinya kan tarihi take tafiya: awon yau ba ya da ma'ana sai an san na watan jiya. Haka sakamakon ɗalibai, haka takardun filaye, haka lissafin albashi. Kullum ƙarin irin waɗannan bayanai na barin takarda suna komawa kwamfuta, a wuraren da wuta da sabis ba su da tabbas. Rajistar takarda in ta jiƙe ana gani. Fayil ɗin da aka ce an adana alhali bai sauka ba, ba a sani sai ranar da aka neme shi.

Ga matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Gusau, Sakkwato da Zariya, duk wanda zai gina abin da ke miƙa kuskure daga na'ura zuwa na'ura, ya fassara da suna, kada ya tura lamba ɗanya. Ya tambayi kansa me mai karɓa zai yi da amsar. Ya cika faifai da gangan, ya zare waya ana tsakiyar rubutu, ya ga abin da manhajarsa za ta ce, ya kuma duba amsar rufe fayil kamar yadda yake duba ta buɗewa. Ga masu kula da kwamfutocin ofis da shago da asibiti, ku ajiye sabar a cikin gininku idan da hali, ku sa mata batirin da zai riƙe ta har janareta ya tashi, ku koyi inda kundin rahotonta yake. Kai kuma ma'aikaci, ranar da saƙon kuskure ya fito a allonka, kada ka yi saurin danna shi ya ɓace. Ka ɗauki hotonsa da wayarka, ka rubuta lokacin da ya fito, ka kai wa mai gyara tare da lambar.